Tarihin Taki a Ƙasar Kauru: Daga Mashekarin Shanu zuwa Gindin Wardi

Ƙasar Kauru, wadda a yau ƙaramar hukuma ce a jihar Kaduna mai maƙwabtaka da Lere da Kajuru da Zangon Kataf, tana cikin yankin da ruwan sama yake sauka fiye da yadda manoman Kano da Katsina suka saba gani, domin damina a nan takan kai wata shida, kuma abin da ake samu a shekara yakan haura milimita 1,000, yana ƙaruwa idan aka gangara kudu wajen Kafanchan da Kagoro. Wanda ya ga tsayin ciyawa da duhun kurmi a watan Agusta zai ɗauka ƙasar ba ta buƙatar taimakon kowa, alhali binciken masana ya daɗe da nuna akasin haka. Jar ƙasar wannan yanki tsohuwa ce wadda ruwa ya daɗe yana wankewa, tana da ƙarancin naitrojin, wato sinadarin da yake sa ganye ya yi kore shuka ta yi tsayi, da ƙarancin fosfaras, wanda yake ƙarfafa saiwa ya taimaka wa fure da ƙwaya, kuma ɗan ƙarfin da take da shi yana tattare ne a ruɓaɓɓen ganye da ciyawar da ke samanta, wanda zafi da gara suke cinyewa cikin 'yan shekaru da zarar an sare daji. Saboda haka tarihin noma a nan, tun daga gonar acca har zuwa ɗan lambun furen da ke ƙofar gidan ma'aikaci, tarihi ne na neman abin da za a mayar wa ƙasa, da kuma na wanda yake riƙe da wannan abu a kowane zamani.

Noma ya daɗe a kudancin Kaduna, domin masana kayan tarihi na Jami'ar Frankfurt ta Jamus, waɗanda suka yi shekaru suna tono a wuraren al'adar Nok, al'adar da ta samo sunanta daga wani ƙauye a ƙasar Jaba, sun tarar da ƙonannun ƙwayoyin gero da wake da suka kai kimanin shekaru 3,000. Tsohuwar dabarar da aka dogara da ita a inda fili yake da yawa ita ce sassabe da saura: a sare daji, a ƙone itace da ganye, tokar ta ba ƙasa fotashiyam, wato sinadarin da yake ƙarfafa kara ya taimaki shuka wajen jure cuta da fari, a noma wurin shekara uku ko huɗu, sannan idan dawa ta fara ƙanƙancewa wuta-wuta ta bayyana, a ce gona ta gaji, a bar ta ta huta shekaru masu yawa. A wannan tsari daji ne yake yin taki, aikin manomi kawai ya jira.

Amma ba kowa ne yake da halin jira ba. A ƙarni na 19 Kauru masarauta ce da take bin Zazzau tana kai mata gaisuwa, kamar Kajuru da Lere da Kagarko, yadda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa kan mulkin Zazzau da ya fito a 1960, kuma al'ummomin da suke kewaye da ita, irin su Ruruma da Rumaya da Kono da Surubu da Binawa da Kitimi da Chawai, da yawansu sun zauna a kan duwatsu ko a gindinsu saboda hare-haren neman bayi da suka addabi yankin a wancan lokaci. Mutumin da tsoro ya hana shi nisa da dutse ba shi da dajin da zai sassabe duk shekara huɗu, dole ya noma wuri ɗaya kullum, kuma wurin da ake nomawa kullum ba ya rayuwa sai da abin da ake zuba masa: sharar gida, tokar murhu, kashin awaki da na kaji, da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayi. Misalin da aka fi rubuce-rubuce a kansa na irin wannan noma shi ne na Kofyar a jihar Filato, waɗanda Robert Netting ya yi nazarinsu a littafinsa na 1968, inda ake ɗaure awaki a cikin shinge duk damina ana kawo musu ciyawa, su ci su tattake saura da kashinsu da fitsarinsu, a kwashe da bazara a baza a gonar da ke kewaye da gida. Nazarin da waɗanda suka biyo bayansa sun kuma nuna abin da ya faru bayan zaman lafiya ya samu mutane suka sauko fili: da suka tarar da daji mai faɗi sai suka yi watsi da wahalar taki suka koma sassabe, ba su waiwaye ta ba sai da filin ya sake cika. Wannan ya dace da abin da aka gani a ƙasar Hausa ta arewa, inda karkarar da ke kewaye da birnin Kano, saboda cunkoson jama'a, ta daɗe ana noma ta kowace shekara, jakuna suna fita da mangalolin taki daga jujin birni suna dawowa da itace da hatsi, kuma Polly Hill ta tarar da irin wannan tsari a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960.

Babban taki a ƙasar savana dai shi ne na shanu, kuma shanu suna hannun Fulani. Shigowarsu kudancin Zariya da yawa ta yi jinkiri saboda tsando, ƙudan da yake ɗauke da sammore ga dabba da ciwon barci ga mutum, wanda ya yi ƙamari a kurmi da bakin rafi har gwamnatin mulkin mallaka ta tayar da ƙauyuka a yankin Anchau, arewa da Kauru, a ƙarshen shekarun 1930 ta sake tsugunar da su a wuraren da aka share. Kafin wannan kuma annobar bushiya ta farkon shekarun 1890 ta hallaka mafi yawan shanun Afirka ta Yamma. Da garkuna suka farfaɗo, noma ya ƙara cin daji, tsando ya ragu, sai makiyayan da a da suke zuwa cin rani kawai suka fara kafa rugage na dindindin a tsakanin manoma, aka samu wata yarjejeniya wadda ba a rubuce take ba amma kowa ya san sharuɗɗanta.

Bayan an kwashe amfanin gona a watan Nuwamba ko Disamba, mai gona yakan nemi makiyayi, wani lokaci ta hannun arɗo, su daidaita a kan cewa shanu za su ci kara da harawar da ta rage, su kuma kwana a gonar. Wurin kwanan nan shi ake kira mashekari, kuma makiyayin da ya san aikinsa ba ya barin shanu a wuri ɗaya, yakan matsar da su bayan 'yan kwanaki domin kashi da fitsari su game gonar, tun da fitsarin, wanda ido ba ya gani bayan ya nutse, yana ɗauke da kaso mai yawa na naitrojin ɗin da saniya take fitarwa. Mai gona yakan biya da dami na dawa ko da kuɗi, ko ya taimaka da itace da ciyawar yin bukka, matan ruga kuma su riƙa shiga gidaje da nono da man shanu suna musanya da hatsi. A ƙarshen shekarun 1970 da cikin shekarun 1980 masu bincike na cibiyar nazarin dabbobi ta ILCA, ciki har da J. M. Powell da Ann Waters-Bayer da Wolfgang Bayer, sun zauna a Abet kusa da Zonkwa suna nazarin wannan hulɗa tsakanin Fulani da manoman Bajju, suka auna suka tabbatar da abin da manoman suka riga suka sani, wato gonar da shanu suka kwana a cikinta ta fi wadda ba su kwana ba amfani nesa ba kusa ba, kuma takin da ya zuba dab da saukar ruwa ya fi wanda ya sha ranar rani da gara. Abin lura a nan shi ne cewa ƙarfin gonar mutum a wancan tsari ya dogara ne a kan kyakkyawar mu'amalarsa da maƙwabcinsa mai shanu, kuma shi ma makiyayin abincin garkensa na rani yana hannun manomi.

Turawa, bayan sun kama Zariya a 1902, sun zo da damuwarsu ta auduga da gyaɗa, suka kafa tashar binciken noma a Samaru a 1922, wadda daga baya ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ma'aikatar gona a ƙarƙashin O. T. Faulkner ta ga cewa shuka ganye a binne shi don ya zama taki, dabarar da aka gwada a Ibadan, ba ta dace da arewa ba, sai ta ɓullo da shirin haɗa noma da kiwo a 1928, inda ake ba manomi bashin bijimai biyu da garma, ya yi huɗa da su, ya tara kashinsu a garke ya kai gona. Shirin ya kama a Kano da Katsina da arewacin Zariya, amma a kudu tsando da kututturan itace sun rage masa gudu. Abin da ya fi canza kudancin lardin Zariya shi ne jirgin ƙasa, wanda ya mayar da Kafanchan mahaɗar layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos a wajajen 1927, da kuma citta, wadda aka fara ƙarfafa nomanta don sayarwa a daidai wannan lokaci har ta zama arzikin Kachia da Jaba da Kagarko. Citta shuka ce mai cin ƙasa, tana son taki da rufin ganye, kuma ita ce ta fara koya wa manoman yankin cewa taki abu ne da ake lissafa ribarsa da kuɗi.

Takin zamani kuwa asalinsa Turai ne. John Bennet Lawes na Ingila ya yi rajistar hanyar sarrafa sufa, wato takin fosfaras da ake narkarwa da ruwan asid, a 1842, ya kuma kafa gonar gwaji ta Rothamsted a 1843, sannan Fritz Haber da Carl Bosch na Jamus suka gano yadda ake kamo naitrojin daga iska, aka buɗe masana'antar farko a 1913, wadda daga irinta ake samun yuriya. A Samaru an kafa wani gwaji na dogon zango a 1950 a kan tsarin na Rothamsted, inda aka yanka fili gida-gida, wani ana zuba masa kashin shanu, wani takin zamani iri-iri, wani duka biyun, wani kuma ba a zuba masa komai, ana maimaitawa kowace shekara. Sakamakon da ya fito bayan shekaru da dama bai ba kowane ɓangare cikakkiyar nasara ba: filin da aka bari haka nan ya mutu, wanda ake ba takin naitrojin zalla ya yi amfani da farko sannan ƙasarsa ta yi tsami amfanin ya ja baya, wanda kuma aka haɗa masa kashin shanu da takin zamani shi ne ya riƙe ƙarfinsa. Wannan darasi yana rubuce tun kafin buhun taki ya isa yawancin ƙauyukan Kauru, sai dai siyasar da ta biyo baya ba ta saurare shi ba.

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ne suka kai buhun taki ƙauye. An kafa shirye-shiryen bunƙasa noma na Funtua da Gusau da Gombe da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun, masana'antar sufa ta gwamnatin tarayya a Kaduna ta fara aiki a 1976, shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirinta na ciyar da ƙasa ta kuma karɓe sayo taki da rarraba shi, gwamnatin Shehu Shagari ta biyo da nata shirin a 1980, kuma rangwamen da ake yi a kan buhu a wasu shekarun ya kai kashi 80 cikin 100. A daidai lokacin ne ingantaccen irin masara daga cibiyar IITA ta Ibadan ya bazu, masarar da a da ake shukawa a bayan gida don gasawa ta fita fili ta ture dawa da acca, har yankin Saminaka da Lere da Kauru ya zama ɗaya daga cikin manyan rumbunan masara na Nijeriya. Masarar zamani ba ta yi sai da taki mai yawa, domin abin da malaman gona suke ba da shawara a hekta ɗaya ya kai kilo 120 na naitrojin da 60 na fosfaras da 60 na fotashiyam, wato kimanin buhu 8 na kamfa, takin da ya haɗa sinadaran uku, da kusan buhu 3 na yuriya. Daga nan manomi ya daina duban ruga ya koma duban sakatariyar ƙaramar hukuma, taki ya zama abin rabo a hannun 'yan siyasa da dillalai, yana isowa a makare ko ya ɓace a hanya. An janye rangwamen a 1997, aka maido da wani ɓangarensa a 1999, aka gwada rabo ta wayar hannu a 2012, aka ƙulla yarjejeniya da Maroko a ƙarshen 2016 wadda ta sa buhun kamfa a naira 5,500 na wani lokaci, aka buɗe babbar masana'antar yuriya ta Dangote a Legas a 2022, amma yaƙin Rasha da Yukiren da faɗuwar darajar naira sun sake nisanta buhun daga ƙaramin manomi.

A gefen wannan babban tarihi akwai wani ƙarami, na shukar da ba a ci. Gidan gargajiya a ƙasar Hausa da maƙwabtanta yakan shuka abin amfani ne, lalle da zogale da rama da gwanda, kuma abin da Bahaushe ya fara sani na wardi ƙamshinsa ne a turare da ruwan wardi da fatake da alhazai suke kawowa, musamman na Ɗa'ifa a Saudiyya, wanda ake haɗawa da ruwan Zamzam wajen wanke Ka'aba. Al'adar shuka fure don ado kawai ta shigo ne da jami'an mulkin mallaka da ma'aikatan jirgin ƙasa da na haƙar kuza da 'yan mishan, ta fi kafuwa a Jos, inda tudun da ya kai kimanin mita 1,200 yake ba da sanyin da wardi yake so, daga nan ta bi makarantu da asibitoci da majami'u da gidajen ma'aikata. Yau masu sayar da dashe a baƙar leda a bakin titunan Jos da Kaduna da Abuja su ne magadan wannan al'ada.

Wardin lambu na yau ya bambanta da tsohon wardin Turai, wanda yake fure sau ɗaya a shekara, domin a ƙarshen ƙarni na 18 an kai wa Turai irin na Sin mai maimaita fure, aka yi ta barbara har aka samu wanda ake kira La France a ƙasar Faransa a 1867, wanda ake ɗauka shi ne farkon wardin zamani. Maimaita furen nan shi ne dalilin yawan cinsa, kuma a ƙasa mai zafi, inda babu hunturun da zai tilasta masa barci, yakan yi ta toho kusan duk shekara har ya ƙarar da abin da ke gindinsa. Matsayinsa a lambu kamar na doki ne a gidan sarauta, ba ya huɗa ba ya ɗaukar kaya, amma ba a fasa ba shi hatsi. Mai lambun da ya ƙware yakan haƙa rami mai zurfi da faɗi kamar rabin mita, ya cakuɗa ƙasar sama da kashin shanu wanda ya ruɓe ya yi baƙi ya daina wari, domin ɗanye yana ƙona saiwa yana kuma jawo gara. Bayan an yi wa itacen aski, wato an datse tsofaffin rassa, ana barbaɗa ɗan kamfa da bai wuce cikin tafin hannu ba a kewaye da gindi, nesa da kara, a tona ƙasa a rufe, a ba da ruwa nan take, a kuma maimaita bayan kowane zagayen fure. Yuriya idan ta yi yawa sai itacen ya cika da ganye mai laushi wanda ƙwari suke so, fure kuma ya ƙi fitowa. Ganyen ƙasa idan ya yi ɗorawa alamar yunwar naitrojin ce, sabon ganye kuma idan ya koɗe jijiyoyinsa suka rage kore alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ce, wadda yawan zuba toka yake iya jawowa, tun da wardi ya fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan. A tsakiyar damina, lokacin da ruwa yake wanke taki kuma ciwon baƙin ɗigo yake kama ganye, ana rage takin zamani a dogara ga ruɓaɓɓen taki da rufin busasshiyar ciyawa.

Abin da mai lambun wardi yake yi a faɗin taku biyu shi ne ainihin abin da gwajin Samaru ya nuna, wato a fara da takin gargajiya don ƙasa ta riƙe ruwa da abinci, sannan a ƙara na zamani gwargwado. Shi mai lambu yana iyawa saboda buƙatarsa ba ta wuce kwando ɗaya ba, amma manomin masara a Geshere ko Damakasuwa, cikin ƙasar Kauru, yana buƙatar tan da dama a hekta, kuma hanyar da ta fi sauƙin kai wannan nauyi gona, wato shanu su taka da ƙafarsu su kwana a wurin, ta yi rauni ƙwarai sakamakon cinye burtali da noma ya yi, da rikice-rikicen da suka yi ta aukuwa tsakanin al'ummomin kudancin Kaduna, musamman tun daga 2011, da satar shanu da garkuwa da mutane, waɗanda suka cutar da manoma da makiyaya baki ɗaya. Kashin kaji da na shanu yanzu kaya ne da ake aunawa a buhu a loda a mota, manoman citta da masara suna saye da tsada. Hukumomin da suke ware maƙudan kuɗi kowace shekara don rabon kamfa da yuriya ya kamata su lissafa kare burtali da sasanta manomi da makiyayi a cikin kasafin gyaran ƙasar noma, domin babu masana'antar da take sarrafa abin da mashekari yake bari a gona.